Mudun Aro da Man Zaitun

A mujallun kimiyyar abinci na ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci akwai wata kalma da ta zama tamkar hatimin alƙali, ita ce "validado". Ma'anarta an gwada abu, an tabbatar yana yin aikin da aka ce yana yi. Da zarar an manna ta a goshin wata takardar tambayoyi, bakin kowa ya mutu. Malami ya miƙa wa ɗalibinsa ita ya yi kundin digiri, asibitin jami'a ya ɗauka ya riƙa tace matasa da ita, wani mai bincike a wata nahiya ya kwafa ba tare da ya tambayi abin da aka gwada ba. Magana a nan kan iri guda ce daga cikin waɗannan takardu, wato gajeriyar takardar da ake raba wa ɗaliban jami'a domin auna yawan maiƙon da suke ci. Da'awata ita ce, sau da yawa abin da aka tabbatar bai wuce abu biyu ba: fassarar tana karantuwa, kuma ɗalibai suna iya tuna amsar da suka bayar makon jiya. Ko takardar tana auna maiƙo ko ba ta aunawa, wannan tambaya ce da ake tsallakewa a guje. Ku da kuke nazarin harshe ya kamata ta dame ku fiye da kowa, domin rabin ɓarnar a hannun mafassari take faruwa.

Ga yadda aikin yakan gudana. A ɗauko takarda da aka tsara da Ingilishi, galibi a Amurka. A ba mafassara biyu su juya ta zuwa Sifaniyanci, a haɗa juyin nasu ya zama ɗaya. A ba wasu da ba su ga asalin ba su mayar da ita Ingilishi, a gwama da ta farko. Kwamitin masana ya zauna ya gyara waƙafi da aya. Sannan a shiga ɗakin lacca a raba wa ɗalibai ɗari biyu ko uku, bayan mako biyu a sake raba musu, a zuba amsoshin a kwamfuta ta fitar da lambobi masu kyawun gani. Daga nan sai buga hatimi.

Neman sanin yawan maiƙo ba wasa ba ne. Giram ɗaya na maiƙo yana ba jiki kalori 9, alhali giram ɗaya na sitaci ko na furotin kalori 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada maiƙo ya wuce kashi 30 cikin ɗari na kuzarin da babban mutum ke samu daga abinci, kada nau'in da ke daskarewa, irin na kitsen dabba da man shanu, ya wuce kashi 10, kada kuma nau'in da ake kira tirans ya wuce kashi 1. Shekarun jami'a su ne lokacin da matashi ke fara riƙe tukunyarsa ko aljihunsa da kansa, kuma ɗabi'ar cin da ya kama a nan takan bi shi har tsufa. Ba wanda ya ce kada a auna. Rigimar a kan mudun take.

Ɗauki fitacciyar gajeriyar takarda ta wannan fanni, wadda Gladys Block ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buga tare da abokan aikinta a 2000. Tambayoyi 17 ne a ɓangaren maiƙo: sau nawa kake cin hamboga, sau nawa soyayyar kaza, sosej, fiza, cuku, soyayyen dankalin Turawa, donot, askirim, da sauransu. Block ba daga kanta ta zaƙulo wannan jeri ba. Hanyar da ta shahara da ita ita ce duba ƙididdigar abincin Amurkawa ta ƙasa baki ɗaya, a fitar da abincin da suka fi kawo musu maiƙo, a gina tambayoyi a kansu. Wannan shi ne ƙarfin takardar, kuma shi ne iyakarta. Hoton teburin Ba'amurke ce. In ka juya kalmominta zuwa Sifaniyanci, teburin yana nan yadda yake, sunayen kwanukan kawai ka sauya.

To wane Sifaniyancin ma? Harshen hukuma ne a ƙasashe 20, kuma mutanen da suka tashi da shi a baki sun doshi miliyan 500. Nahawunsu ɗaya ne, suna karanta jaridun juna ba tare da tafinta ba. Amma ku da kuka yi nazarin karin harshe kun san inda karuruwa suka fi rabuwa: ba a masallaci ko coci ba, ba a kotu ba, a madafi ne da kasuwa. Sunan abinci shi ne kalmar da mutum ya koya a bakin uwarsa tun bai shiga makaranta ba, kuma babu hukumar daidaita harshe da ta isa ta canza masa ita.

Kalmar "manteca" ta ishe mu misali. A Ajantina da Yurugwai ma'anarta man shanu, wanda ake shafa wa burodi da safe. A Sifaniya da Meziko, in aka ce "manteca" kitsen alade ne yake fara zuwa zuciya, man shanu kuwa "mantequilla" ne. Yanzu ka ƙaddara mafassarin farko ɗan Buenos Aires ne, ya ga man shanu a takardar Ingilishi ya rubuta "manteca". Mai mayar da fassarar shi ma ɗan garin ne, ya ga "manteca" ya mayar da ita man shanu. Aka gwama, aka ga ta yi daidai da asali, ba ragi ba ƙari. Kwamiti ya sa hannu. Bayan shekara biyu wani malami a Guadalajara ya ga hatimin "validado" ya raba wa ajinsa. Ɗalibar da ke shafa man shanu kullum ta karanta tambayar, ta yamutsa fuska, ta zaɓi "ban taɓa ba". Ba ta yi ƙarya ba, mafassari bai yi kuskure ba, kwamfuta ma ta yi lissafinta daidai. Amsar dai ba ta da alaƙa da abin da ya shiga cikinta.

Ba ita kaɗai ba ce. "Tortilla" a Madrid wainar ƙwai ce mai kauri da ake yi da dankalin da aka dafa cikin man zaitun har ya yi laushi. A birnin Meziko faifan masara ne siriri da ake gasawa a busasshen tanda, ba ɗigon mai. Abu guda a rubuce, ɗaya yana ninƙaya cikin maiƙo, ɗaya kusan babu. "Torta" a Meziko burodi ne da aka tsaga aka cusa masa nama da wake da cuku, a Ajantina da Kolambiya kuwa kek ne na biki. Kirim ɗin madara "nata" ne a Sifaniya, "crema" a yawancin Latin Amurka, inda "nata" take nufin yanar da ke taruwa a kan tafasasshiyar madara. Fiya "aguacate" ce a Meziko da Sifaniya, "palta" a Peru da Cile da Ajantina. Gyaɗa "cacahuete" ce a Sifaniya, "cacahuate" a Meziko, "maní" a Kudancin Amurka da Kyuba. Lura da cewa duk waɗannan abinci ne masu ɗauke da maiƙo, wato su ne ainihin abin da takardar ta fito nema. Bahaushe ba zai yi mamaki ba: abin da Bakano ke kira gyaɗa shi ne Basakkwace da mutanen Maraɗi ke kira gujiya, gujiyar Bakano kuma wata aba ce daban wadda ba a matsar mai daga gare ta kamar gyaɗa. Wanda ya rubuta "sau nawa kike cin gujiya" ya raba a Kano da Maraɗi, tambayoyi biyu ya yi yana zaton guda ce.

Nan ne rauni na mayar da fassara yake, wannan dabara da Richard Brislin ya yi wa shimfiɗa a 1970 har ta zama farilla a wurin masu bincike. Abin da take kamawa shi ne kuskuren mafassari game da harshen asali. Ba ta ganin abin da ke faruwa a kan mai karatu. Mafi muni ma, tana ba da lada ga fassarar kalma da kalma, domin irin wannan ce take komawa Ingilishi sumul ba tangarɗa. Mafassarin da ya yi hankali ya cire "donot" ya sa "churros", domin ya san abin da ɗalibin Sebiya ke tsomawa a cakulan da safe, shi ne za a kira a ce fassararsa ba ta dawo daidai ba. Wanda ya bar "donot" yadda take ya tsira. Haka tsarin ke hukunta gwani ya saki rago.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa waɗanda suka rubuta ƙa'idojin ba haka suka ce a yi ba. Ƙa'idojin da Dorcas Beaton da abokan aikinta suka buga a 2000, waɗanda kusan kowane irin wannan aiki ke ambata, sun nemi a duba ko abin da ake tambaya yana nan a rayuwar mutanen da za a tambaya, in babu a musanya shi da makamancinsa. Sun nemi a zauna da mutum 30 zuwa 40 a tambaye su abin da suka fahimta da kowace tambaya. Sun kuma bayyana cewa duk wannan bai tabbatar da inganci ba, sai an yi wani gwajin daban. Ana ambaton sunansu a layin farko, ana watsi da sharuɗɗansu a layi na biyu.

Amma a ce an gyara duk kalmomin, kowace ƙasa an ba ta nata. Babbar matsalar tana nan, kuma sunanta man zaitun. (Ga masu sha'awar asalin kalmomi: "aceite", wato mai, daga Larabci "az-zait" ta fito, "aceituna" kuma daga "az-zaituna", tushen da ya ba mu zaitun. Gadon ƙarnonin Andalus ne.) Sifaniya ce ta fi kowace ƙasa a duniya samar da man zaitun, lardin Jaén shi kaɗai ya fi ƙasashe da dama. A teburin Basifaniye wannan mai shi ne babbar ƙofar da maiƙo ke shiga jiki. Ana zuba shi a kan burodi da tumatir da safe, a kwaɗon ganye da rana, a soya albasa da tafarnuwa da shi kafin a ɗora kowace miya, a soya kifi da shi da dare. Binciken ANIBES, wanda aka tattara bayanansa a 2013, ya nuna maiƙo yana ba mutanen Sifaniya kusan kashi 38 cikin ɗari na kuzarinsu, sama da ƙa'idar kashi 30 da tazara mai yawa. Takardar Amurka kuwa ta tattara majarin da man shanu da man girki ta cusa su a tambaya guda cikin 17, yawancin sauran ta ba nama da kayan kwalama. Ɗalibin Granada da ba ya cin hamboga sai jefi-jefi, amma yake shanye rabin kwalbar mai a mako, zai fito a jerin masu ƙarancin maiƙo. In kuma ya amsa gaskiya cewa kullum yana girki da mai, za a ɗora masa maki daidai da wanda ke girki da man shanu, alhali likitan zuciya ba zai taɓa haɗa su a layi ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ƙamus ba ya faɗa. A ilmin sinadarai "aceite" nau'i ne na "grasa". A bakin mutane kuwa "grasa" kalma ce mai ɗan ƙyama, ta kitsen nama da teɓa da dattin murhu, shi kuwa man zaitun abin alfahari ne da ake kai wa baƙo tsaraba. Hausa ta fi Ingilishi kusa da wannan rabo, tun da muna da mai, muna da kitse, muna da maiƙo, kowanne da mazauninsa. Ka tambayi mai ƙosai ko tana sa kitse a sana'arta, za ta rantse ba ta taɓa ba, ga kasko cike da man gyaɗa a gabanta. Takardar da aka rubuta "grasa" a samanta ta riga ta gaya wa ɗalibi abin da ake zarginsa da shi, ta kuma gaya masa abin da ba sai ya lissafa ba.

Abin dariya shi ne masanan Sifaniya da kansu sun ba duniya hujjar da ta rushe wannan lissafi. Gwajin PREDIMED ya ɗauki mutum 7,447 masu shekara 55 zuwa 80 da ke cikin haɗarin ciwon zuciya, ya raba su uku: wasu aka ba su man zaitun kyauta aka ce su ƙara, wasu aka ba su giram 30 na ƴaƴan itace masu ɓawo kowace rana, wasu aka shawarce su su rage maiƙo. Waɗanda aka ƙara wa maiƙon su ne suka fi tsira daga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, da ragin kusan kashi 30 cikin ɗari. An buga sakamakon a 2013, aka janye shi a 2018 saboda kurakurai wajen rabon mutane rukuni-rukuni, aka sake lissafi aka sake bugawa da lafazi mai sassauci, amma alƙaluman ba su yi nisa da na farko ba. Takardar tambayoyi 14 da aka yi amfani da ita a wannan gwaji, wadda a Sifaniya aka haife ta, tana ba mutum maki na yabo idan yana shan cokali huɗu na man zaitun ko fiye a yini. Ga takardu biyu ke nan a harshe ɗaya, ana iya raba su a aji ɗaya a rana ɗaya: cokalin da waccan ta rubuta a matsayin lada, wannan ta rubuta shi a matsayin laifi. Duka biyun kuma an buga musu "validado".

Yanzu sai lambobin, waɗanda su ne ke rufe bakin mai nazarin harshe domin yana jin ba fagensa ba ne. Kada su ba ku tsoro, ba su kai yadda ake zuzuta su ba. Na farko da ake tutiya da shi shi ne alfa na Cronbach, wanda Lee Cronbach ya gabatar a 1951. Yana auna yadda tambayoyin takarda ke tafiya tare, wato wanda ya amsa wannan da "ƙwarai" ya amsa waccan ma da "ƙwarai". Wannan yana da ma'ana in ana auna hali guda da ke ɓoye a zuciya, kamar fargaba, wadda alamominta ke zuwa a tare. Abinci ba haka yake ba. Babu dalilin da zai sa mai son cuku ya so sosej. Mai ƙin nama na iya samun maiƙonsa duka daga fiya da gyaɗa da mai. Musulmin ɗalibi a Ceuta ko Melilla zai amsa "ban taɓa ba" ga duk tambayar alade, ya kuma ci soyayye safe da yamma. Takarda mai kyau ita ce wadda ta tare kowace ƙofa daban, don haka tambayoyinta ba lalle su yi tafiya tare ba. Kuma sananne ne cewa alfa yana hawa idan ka ƙara yawan tambayoyi ko ka maimaita abu ɗaya da lafazi biyu. Wanda ya goge tambayar man zaitun domin tana "rage alfa" ya gyara lambarsa ya ɓata ma'auninsa.

Na biyu shi ne maimaita gwaji bayan mako biyu. In amsar farko da ta biyu sun yi kama, sai a ce takardar tabbatacciya ce. Kowace mai awo a kasuwa ta san amsar wannan. Mudun da aka buga wa gindi ya lotsa ciki zai ba ka awo iri ɗaya yau da gobe da jibi, ba ya saɓawa ko sau ɗaya, kuma kullum a tauye. Rashin saɓawa sharaɗi ne na gaskiya, amma ba shi ne gaskiyar ba. Ɗalibar Guadalajara za ta sake cewa ba ta cin "manteca" bayan mako biyu, da bayan shekara ma.

Na uku, wanda shi ne ya kamata ya zama zuciyar aikin, shi ne gwama takardar da wani ma'auni na waje. Nan ma akwai rami. Abin da aka fi gwamawa da shi shi ne wata takardar mai tsawo, ko a ce wa ɗalibi ya tuno abin da ya ci jiya. Duka daga baki ɗaya suke fitowa. Wanda ya manta man da aka zuba a kwaɗo a takardar farko zai manta shi a ta biyu, wanda ya ji kunyar faɗin yawan soyayyen da ya ci zai ji kunyar sau biyu. Shaidu biyu da suka kwana ɗaki ɗaya, ba abin mamaki ba ne bakinsu ya zo ɗaya. An auna girman wannan rami. A binciken OPEN da Cibiyar Nazarin Ciwon Daji ta Amurka ta buga a 2003, an shayar da mutum 484 ruwa mai alama ta musamman, wanda ta hanyar fitsari yake nuna ainihin kuzarin da jiki ya ƙona. Da aka gwama da abin da suka rubuta a doguwar takardar tambayoyi, sai aka ga sun rage kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da suka ci. Doguwar takarda ke nan, mai tambayoyi sama da ɗari. Game da maiƙo kuwa abin ya fi wuya, domin jiki da kansa yana ƙera wasu nau'o'insa daga sitaci, saboda haka jini ba ya nuna jimillar da aka ci, sai dai nau'o'in da jiki ba ya iya ƙerawa, irin na man kifi. Idan kuma aka samu dangantakar lissafi ta 0.5 tsakanin takardun biyu, aka yi ta murna, a tuna cewa wannan na nufin kashi 25 cikin ɗari kawai na bambancin da ke tsakanin mutane suka yi tarayya a kai. Tun 1986 Martin Bland da Douglas Altman suka nuna a mujallar Lancet cewa ma'aunai biyu na iya hawa da sauka tare alhali ɗaya yana ba da rabin abin da ɗayan ke bayarwa.

Su kansu ɗaliban fa? An zaɓe su ne domin suna kusa, ba sa neman kuɗi, kuma ba sa iya ce wa malaminsu a'a. Mai binciken abinci a tsangayar kiwon lafiya yake koyarwa, don haka ajin da ke hannunsa na masu koyon jinya ne ko ilmin abinci ko haɗa magunguna, inda mata suka fi yawa, kuma an riga an koya musu amsar da ake so. Ka ba wanda ya ci jarrabawa kan illar kitse takarda ka ce ya faɗi yawan kitsen da yake ci, kai ma ka san jarrabawa ta biyu yake rubutawa. Sannan ɗalibi yana cikin waɗanda suka fi kowa jahiltar abin da ke cikin kwanonsu. Wanda ke zaune a ɗakin kwanan jami'a ana dafa masa ne a babbar tukunya. Wanda ke haya da abokai yakan dawo daga gida ranar Lahadi da robobin abincin da uwarsa ta ɗura masa na mako guda. Ka tambayi uwar nawa ta zuba, za ta ce "un chorrito", wato ɗan tsiyaye kaɗan, ma'aunin da ba ya cikin kowane littafi, kuma yana iya zama cokali ɗaya ko biyar. Cin ɗalibi a makon jarrabawa daban, a hutun bazara daban. Gwajin mako biyu a tsakiyar zango bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Masu kare wannan aiki suna da magana, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa gajeriyar takarda ba a yi ta don ƙidaya giram ba, an yi ta ne don jera mutane daga mai yawan ci zuwa mai ƙaranci, cikin minti biyar, ba tare da kuɗin ɗakin gwaji ba; jami'ar da ba ta da hali, da babu gara ba daɗi. Na yarda da rabin farko. To sai a rubuta hakan a kan takardar, a daina fitar da kaso cikin ɗari daga gare ta ana cewa ɗalibai kaza sun wuce ƙa'idar Hukumar Lafiya. Rabi na biyu kuwa ban yarda ba. Ma'aunin da ke jera mutane a karkace ya fi babu muni, domin wanda ba shi da ma'auni ya san bai sani ba. Takardar da ta wanke mai cin kek ɗin kanti domin ba a ambaci sunan da ya san shi da shi ba, ta kuma kama mai zuba man zaitun a kan tumatir, za ta sa ma'aikaciyar lafiya ta yi wa wanda bai kamata ba nasiha, ta sallami wanda ya kamata a zaunar.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa aikin ƙwarai ya gagara. Walter Willett da abokan aikinsa sun gwada takardarsu a 1985 da ma'aikatan jinya mata 173, kowacce ta rubuta duk abin da ta ci na tsawon mako guda, sau huɗu a cikin shekara. A Sifaniya, José María Martín-Moreno da abokan aikinsa sun bi wannan sawu a 1993 da mata 147, aka bi su shekara guda ana karɓar rubutaccen bayanin cinsu lokaci bayan lokaci, da jerin abincin da aka gina kan teburin ƙasar. A kan wannan tushe ne binciken SUN na Jami'ar Navarra, wanda ya fara a 1999 yana bin waɗanda suka gama jami'a, ya ɗora takardarsa. Hujja mafi ƙarfi kuwa daga gidan Block ɗin kanta ta fito. Lokacin da ita da Patricia Wakimoto suka so gajeriyar takarda domin masu jin Sifaniyanci a Amurka, ba su fassara tasu ta Ingilishi ba. Sun koma ƙididdigar abincin Amurkawa ƴan asalin Meziko suka sake zaɓen abincin daga tushe, suka buga a 2006, kuma abin da suka yi iƙirari a kan aikin shi ne an gina takardar an gwada rashin saɓawarta, ba su wuce nan ba. Mai mudun da kanta ba ta yarda a auna hatsin maƙwabta da shi ba, sai masu aro ne suka fi ta amincewa da shi.

Abin da ya rage shi ne suna. Babu wata aba wai ita "takardar Sifaniyanci" ta auna maiƙo, kamar yadda babu tukunya guda da ake dafa wa Bilbao da Lima da Oaxaca a cikinta. Abin da ake da shi shi ne takardar da aka gwada a kan ɗaliban jinya na gari kaza, a shekara kaza, aka gwama da ma'auni kaza, kuma haka ya kamata a rubuta a kanta, komai tsawon sunan. Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya dubi kudu da Kamaru. Ikwatoriyal Gini tana cikin ƙasashe 20 ɗin nan, da Sifaniyanci ake koyarwa a jami'arta ta ƙasa da ke Malabo, kuma ɗalibinta zai karanta kowace kalma ta takardar Madrid ko ta Meziko ba tare da ya nemi ƙamus ba. Zai amsa tambayar fiza, ya amsa ta hamboga, ya amsa ta askirim, ya miƙa takarda. Miyar gyaɗa da man ja da soyayyar ayaba da ya ci da rana, ba a tanadar musu layi ko ɗaya ba.